Daren da Na Sha Ruwan Firgita

Ba zan taɓa mantawa da daren da na je ɗaukar hoton wani tsohon gida a bakin Bahar Maliya ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Har yau in na ji tagar katako tana bugawa cikin iska, sai kunnuwana su ɗauki zafi, in rasa inda zan sa idona ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A lokacin ina shekarar ƙarshe ta karatun addini a Alƙahira, a kan tallafin karatun da muke kira minha. Ina da gemu ɗan daidai, da jallabiya mai guga, da baki. Bakin nan shi ne abin. In abokan zamana suka ɓarke da hirar aljanu bayan isha, ni ne mai gyara zama in ce tsoro raunin imani ne, mai azkar ba ya gudun inuwa. (Na maimaita wannan maganar har suka riƙa ƙarasa mini ita tun kafin in kai ƙarshe.)

Sai ciwon hoto ya kama ni. Wanda ya shafa mini shi kuwa Abdulmajid ne, wani Bahaushen Sudan da ke aiki a shagon hoton biki a Giza. Shi ya bar mini tsohuwar kyamararsa da ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake kafa ta a kai, kuma shi ya koya mini wata dabara ta hoton dare da ta tafi da hankalina. Za ka kafa kyamara cikin duhu, ka buɗe idonta ka bar shi a buɗe, sannan ka ɗauki tocila ka bi jikin gini kana shafa masa haske sannu a hankali, kamar mai yaɓe. Duk inda hasken ya taɓa, kyamara za ta riƙe. In ka rufe idon ka duba, sai ka ga gini ya fito tas cikin baƙin dare, ga taurari a samansa. Kai mai tocilar ba za ka fito ba, muddin ka sa baƙaƙen kaya kuma ba ka tsaya wuri ɗaya ba. Abdulmajid ya ce in riƙe abu guda: mai motsi ɓacewa yake yi, wanda ya tsaya cak shi kyamara take gani, ko da idonka bai gan shi ba.

Matsalar ita ce Alƙahira ba ta da duhu. Garin ba ya kashe fitila, ba ya rufe baki. Kuma in ka kafa ƙafa uku a bakin titi, kafin ka gama ɗaure kyamara wani ya dafa kafaɗarka yana tambayar takardar izini. Abdulmajid ya ja mini kunne sosai a kan wannan, domin ya san halin da nake ciki. Iƙamata, wato izinin zama, tana wurin sabuntawa, jarrabawar ƙarshe ta ƙarato, kuma kowane ɗalibi ya san in sunanka ya shiga ofishin 'yan sanda, ko kai ne mai gaskiya, minha tana iya tafiya, kai ma ka bi bayanta a jirgi. Shekarun da na kwashe ina cin wake da burodi ina hadda, ba na so su tashi a banza saura ƙiris.

"Ya akhi, ka nisanci hukuma, khalas, shi ke nan," in ji shi. "Nemi ƙaramin gari, inda mutane ke barci da wuri."

Ba zan faɗi sunan garin da na zaɓa ba, domin na yi alkawari. Tsohuwar tashar jiragen ruwa ce, inda a zamanin baya alhazai suke hawa jirgi su ƙetara zuwa Hijaz. Na hau bas daga Alƙahira da safe, muka ratsa hamada har idona ya gaji da yashi, na sauka da la'asar sakaliya. Sabon gari yana can gefe da shagunan waya da fitilunsa. Tsohon garin kuwa yana manne da teku: lunguna matsattsu, gidajen dutse masu ramuka a jiki inda gishiri ya ci, barandar katako da ta yi baƙi ta karkace. Yawancin gidajen babu kowa a ciki sai kyanwoyi. Ko'ina warin kifi ne da tsohon katako. Na yi ta zagaye har na sami wanda nake so, wani gidan bene da ke tsaye shi kaɗai tsakanin lunguna biyu, da ɗan filin yashi a gabansa. An ɗaure ƙofarsa da sarƙa mai tsatsa, kuma taga ɗaya a sama ta ɓalle tana lilo.

Kafin magariba na zauna a wata ahwa, wato wurin shan shayi, in ɗan huta. Mai ahwar ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya. Ya ce me nake yi a Masar, na gyara wuyan jallabiya na ce ɗalibin ilmi ne. Sannan ni ma na shiga tambaya: gidan can mai sarƙa na wane ne, ya daɗe a rufe, akwai fitila a wajen da dare, mutane suna wucewa ta nan bayan isha? Ban lura da lokacin da masu wasan domino suka daina buga tebur ba. Mai ahwa ya dube ni, ya dubi doguwar jakata da ƙarfe ke leƙowa daga bakinta, ya ce gidan wani attajiri ne na zamanin jiragen alhazai, kuma babu mai bi ta wurin da dare. Da na tashi biya ya ƙi karɓa, ya dafa ƙirji, ya kira ni maulana. Na fita ina jin daɗi, ina cewa a raina kai, mutanen garin nan sun san darajar ilmi. (Ku adana dariyarku, za ku buƙace ta nan gaba.)

Ana idar da isha garin ya mutu murus. Na koma filin, na sa baƙar jallabiya, na naɗe kaina da fuskata da baƙin rawani, ido kawai na bari. Na kafa kyamara. Na sami wani kara na ja layi a yashi, na kewaye gaban gidan da shi, don in san inda zan riƙa takawa cikin duhu kada in yi karo da kyamarar. Sauro suka ce ba su san zance ba, sai na kunna maganin sauro mai hayaƙi, na ajiye ɗaya a wannan ƙarshen layin, ɗaya a wancan.

Saura auna lokaci. Ba zan iya duba waya ba, haskenta zai ɓata hoton, don haka na fito da dabarata da nake taƙama da ita, wadda ko Abdulmajid bai sani ba: da karatu nake aunawa. Gajeriyar sura ta ishi ƙofa. In ina son gida gaba ɗaya da taurarinsa, sai in ja doguwa. Ni kuma ban iya karatu a zuci ba, da ƙarfi aka koya mini, da ƙarfi nake yi.

Wata bai fito ba. Tekun yana nan kusa amma ba a ganinsa, sai dai ka ji yana ja yana saki kamar numfashin mai barci. Tagar nan ta sama takan buga, ta yi shiru har ka manta da ita, sannan ta sake bugawa. Na buɗe idon kyamara, na ja basmala, na bi layina ina shafa bango da haske tun daga ƙasa har baranda. Na kai ƙarshen sura, na dawo na rufe, na sunkuya na duba.

Gidan ya fito, wallahi ya fito. Kowane ramin dutse, kowace tsagar katako, ga taurari birjik a sama. Ina cikin yaba kaina sai idona ya sauka a gefen hagu na hoton, a bakin lungu. Akwai wani abu dogo, fari-fari, a tsaye. Na ɗaga kai na dubi lungun da idona, duhu ne kawai. Na ce wataƙila ginshiƙi ne da ban lura da shi da rana ba.

Na sake buɗewa, wannan karon na ja sura mai tsayi. Da na duba, ginshiƙin nawa ya sami 'yan'uwa biyu. Ga kafaɗu, ga dogayen riguna har ƙasa, amma babu fuska. Inda fuska ya kamata ta kasance sai wani shafaffen abu, kamar an sa yatsa an goge. Tocila tana hannuna, fa. Abin da kawai zan yi shi ne in juya ta in haska lungun, magana ta ƙare. Na rantse muku hannun nan ya ƙi juyawa. Na gwammace in zauna cikin rashin sani da in haska in ga abin da babu fuska yana kallona.

Na ce wa kaina datti ne a gilashi. Na goge gilashin da gefen rawani, na sake buɗewa. Yanzu karatun ba na auna lokaci ba ne, na neman tsari ne, kuma muryata sai ƙara tashi take yi. Na yi tuntuɓe a ayar da na haddace tun ban san wanke hannu ba, na koma baya, na sake tuntuɓe. Tsakanin aya da aya ina jin yashi yana motsi, a hankali, kamar ana jan ƙafa. Sau ɗaya na ji wani abu mai kama da tarin da aka danne. Tagar ma ta daina bugawa, kuma shirunta ya fi bugun ban tsoro.

Na rufe na duba. Lungun hagu ya cika, na dama ma ya cika. Sun fito daga lungunan sun matso gab da layin da na ja, amma babu wanda ya tsallaka shi. Ɗaya yana ɗauke da wani dogon abu a kafaɗa. Wani yana tsugune a kan katanga. Duk suna fuskantar tsakiyar filin, daidai inda nake kaiwa da komowa, kuma a duk faɗin hoton nan ni kaɗai ne babu.

A nan na tuna abin da muka karanta, cewa in aljanu suka yi wa matafiyi siffa a daji, ya yi kiran salla, za su watse. Na janye rawani daga bakina, na toshe kunnuwa da yatsu, na ɗaga wata murya da ta fito siririya kamar ta ɗan akuya.

"Allahu Akbar, Allahu Akbar."

Na kasa kunne ina jiran in ji gudunsu. Sai daga hagu, daga dama, daga kan katanga, muryoyi masu kauri suka amsa a tare, ƙasa-ƙasa, cikin natsuwa:

"Allahu Akbar, Allahu Akbar."

Jama'a, a nan ilmina ya ƙare. Babu malamin da ya taɓa gaya mini abin da ake yi in aljanun Musulmi ne. Na zube zaune a kan yashi, tocila ta yi nata wuri. Na ji bakina yana aiki shi kaɗai, babu Larabci babu tajwidi, Hausa zalla: wayyo Inna, wayyo Innata, Inna ki zo. Akwai kuma wani abin da ya faru a daidai wannan lokacin, amma ku bar ni in ja numfashi tukuna.

Sai fitilun waya suka fara kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutane ne. 'Yan Adam, magidanta, cikin jallabiyoyinsu, da gashin baki da silifa. Ga mai ahwa a cikinsu, ga 'yan domino. Dogon abin da na gani a kafaɗa kuwa shebur ne. Wani dattijo mai furfura ya tako har bakin layina, ya tsaya, ya nemi izini kafin ya tsallako. Ya tsuguna a gabana ya ce sunansa Hajj Sabri, gidan na kakansa ne. Sannan ya rage murya ya tambaye ni, cikin ladabi, ko rasad ɗin ne ya fi ƙarfina.

Ban san mene ne rasad ba. Ya yi murmushin wanda ya san ana ɓoye masa, ya yi mini bayani duk da haka. Ashe a wajensu ana cewa duk dukiyar da aka binne a ƙarƙashin tsohon gida tana da aljani mai gadinta, shi ne rasad, kuma babu mai iya kawar da shi sai shehi na musamman. Shehunan da aka fi jin tsoro a wannan sana'ar kuwa su ne baƙaƙen fata daga ƙasashenmu. Hajj Sabri ya shiga lissafa mini abin da suka gani da idonsu: baƙo daga Najeriya ya sauka yana tambayar gidan attajiri da lokacin da ƙafa ke ɗaukewa, ya dawo cikin baƙaƙen kaya fuska a rufe, ya ja da'ira, ya kunna turare a gefe biyu, yana kewaye yana karatu yana shafa bango da haske, yana komawa yana leƙa na'ura. Shi ya sa suka tsaya cak, ba motsi ba tari, kada su ɓata aiki. Ina saurare ina jin cewa ko ni aka ba wa labarin nan, da na yarda.

"Mu ba mutanen banza ba ne, ya maulana," in ji shi. "Gidan namu ne, aikin naka ne. Nuna mana inda za mu haƙa, a yi rabo na adalci."

Na ce wallahi babu abin da na sani, hoto nake ɗauka. Na nuna kyamara, suka ce wanda ya zo kafin ni ma da na'urarsa ya zo. Na zaro katin makaranta, suka karanta suka ga ɗalibin addini ne, sai suka gyaɗa kai, wato abin ya ƙara tabbata. Na ce turaren nan maganin sauro ne, wani ya ce ai dole a ce haka. Na rantse, na sake rantsewa. Ladabin ya fara janyewa daga fuskokinsu ina kallo.

Mai shebur ɗin ƙanen Hajj Sabri ne, kuma shi ba shi da haƙurin yayansa. Ya ce ya gane komai: na riga na gano wurin, so nake in tafi in dawo da mutanena mu kwashe. Tun da haka ne, a kira hukuma, kowa ya rasa. Ya fito da wayarsa ya fara dannawa. A Masar tonon kayan tarihi ba ƙaramin laifi ba ne, balle a haɗa shi da bokanci, balle kuma baƙon da iƙamarsa ba ta hannunsa. Ina kallon hasken wayar a fuskarsa, ina ganin kujerata a ɗakin jarrabawa babu kowa a kai, ina ganin kaina a filin jirgin Kano da jaka ɗaya da sunan boka. Na buɗe baki in roƙe shi, Larabcin ya gudu ya bar ni. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na aljanun, domin wannan na san ba ya jin kiran salla.

"Kashe wayar nan."

Muryar tsohuwa ce. Mutane suka dare, ta fito daga lungun dama tana dogara sanda, ƙarama, lulluɓe cikin baƙin mayafi. Mahaifiyar Hajj Sabri ce, gidanta yana kallon filin, kuma tun farko tana zaune a tagarta. Ta zo ta tsaya a kaina tana dubana. Sannan ta juya ga 'ya'yanta.

"Na ga masu buɗe ƙasa iri-iri a gaban gidan nan, duk maƙaryata ne, amma ban taɓa jin wanda ya kira uwarsa ba. Wannan tun da kuka amsa masa kiran salla uwarsa yake kira. Ban san yarensu ba, amma na haifa, na san kiran."

Mai shebur ya ce dabara ce, ya umma, irin tasu ce. Wayar tana kunnensa, ina jin tana ƙara. Tsohuwa ba ta yi musu da shi ba. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki tocilata daga ƙasa, ta juya ta, ta haska yashin da nake zaune a kai.

To, ga abin da na ce ku bar ni in ja numfashi a kansa. Baƙar jallabiya tana da rufin asiri, ba ta nuna jiƙa. Yashi ba shi da wannan halin. Ga shi nan kewaye da ni, baƙi, faffaɗa, har ya yi 'yar hanya ya gangara wajen ƙafar kyamara.

"Wannan ma dabara ce?" in ji ta.

Mai shebur ya sauke wayar daga kunnensa a hankali ya kashe ta. Wanda ke kan katanga ne ya fara, wata 'yar dariya ta kuɓuce masa ta hanci, sai filin gaba ɗaya ya ɗauka. Mai ahwa ya riƙe ciki ya jingina da bango. Hajj Sabri ya yi ƙoƙarin riƙe mutuncinsa, ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa, yana cewa ma'alesh, ya ibni, ma'alesh, wato in yi haƙuri. Daga maulana na dawo ibni, wato ɗana, cikin ƙiftawar ido. Ni dai na sunkuyar da kai ina roƙon yashin nan ya ƙarasa aikinsa ya haɗiye ni. Amma a ƙarƙashin kunyar, can ƙasa, wani sanyi nake ji, domin na ga wayar ta koma aljihu.

Tsohuwa ba ta gama da ni ba. Ta aika aka ɗauko mata wani ɗan kwanon tagulla mai rubutu a ciki, wanda suke kira kwanon firgita. In yaro ya razana, da shi ake ba shi ruwa don kada razanar ta zauna masa a jiki. Ta ce a ƙa'ida ruwan kwana yake yi a ƙarƙashin taurari, amma halin da nake ciki ba zai jira safiya ba. Ta cika shi, ta tallafe ƙeyata da hannu ɗaya, ta kafa mini a baki a gaban magidantan nan duka. Da a ɗakinmu na Alƙahira aka kawo zancen kwanon nan, da na kawo hujjoji har a gaji. A filin nan kuwa na shanye tas, har ta karkata shi na tsotse ɗigon ƙarshe. Ta shafa kaina da jiƙaƙƙen hannunta ta ce in tashi, na warke.

Da dariya ta lafa, Hajj Sabri ya ce in nuna masa hotunan. Ya ga gidan kakansa ya yi kyan da bai taɓa gani ba, ya ƙura masa ido. Sannan ya ga kansa da ƙanensa da rabin unguwa a tsaye da shebur a gaban tsohon gida cikin dare, sai fuskarsa ta canza launi. Ya ce tamam, kyau kam ya yi kyau, amma a goge. Na goge su da yatsana yana tsaye a kaina, kuma har yau ban sake ɗaukar hoton da ya kama ƙafarsu ba. Muka yi alkawari: su ba su ga shehi ba, ni ban ga shebur ba. A ɗakin baƙinsa na kwana, cikin wandon aro da ya tsaya mini a ƙwauri.

Da safe a cikin bas, muna fita gari, na kira Inna. Ta ce lafiya da sassafe haka, na ce lafiya lau, gaisuwa ce kawai. Ta ce muryata kamar ta wanda ya sha kuka. Na ce mura ce. Na san ba ta yarda ba, amma ta ce to Allah ya sawwaƙe, in riƙa shan ruwa da yawa. Na ce ai na sha, Inna. Na juya fuska wajen taga don kada na kusa da ni ya ga idona.

Na koma Alƙahira, na zauna jarrabawata, na karɓi shahadata da hannuna. Na daɗe ina so a dube ni a ce babban malami ne, ranar da aka ce ɗin kuwa saura kaɗan ta kai ni filin jirgi, kuma abin da ya cece ni shi ne wata tsohuwa ta tabbatar wa duniya cewa ni matsoracin ɗan Inna ne. Don haka ga abin da na koya, kyauta na ba ku: in za ka yi abin da ba a saba gani ba a garin mutane, ka je da rana tsaka ka gaida tsofaffin unguwar, ka yi musu bayani dalla-dalla har su gaji da kai. Sannan ka zaga bayi kafin ka fita.